Yadda ake canza talabijin a tirelar zama, a kuma kunna shi da batir

Tirelar da ake nufi a nan ba ta dakon kaya ba ce. Ɗakin nan ne mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, da gado da murhu da banɗaki a ciki, inda dare ya yi maka nan ne gida. Da yawansu suna zuwa da talabijin tun daga kamfani, kuma sau tari shi ne abu na farko da mai tirela ke gajiya da shi: ko ya tsufa, ko hotonsa ya dushe, ko kuma ba ya kamawa sai an jona tirelar da wutar sansani. Na ƙarshen nan ya fi ɓata rai. Ka yada zango inda babu sandar wuta, fitilu suna kamawa, famfon ruwa yana aiki, ka danna rimot, shiru kake ji.

Dalilin shi ne wuta iri biyu ce a cikin tirela. Akwai ta batir, volt 12, wadda ake kira DC. Ita ke riƙe da fitilu da famfo da fankoki. Akwai kuma irin ta gida, AC, volt 120 a Amurka da Kanada, 230 a Turai, wadda ba ta zuwa soket sai an jona babbar wayar tirela da sandar wuta ko janareta. Tsakaninsu akwai wata na'ura, kwanbata, mai karɓar wutar gida ta mayar da ita volt 12 ta yi wa batir caji. Hanyarta ɗaya ce, ba ta komowa. Talabijin na gida kuwa a soket yake ci. Ka cire babbar waya, ka yanke masa abinci ke nan.

Fara da biro da takarda

Kafin ka taɓa sukudireba, kafin ma ka zaɓi talabijin, zauna ka yi lissafi. Batir randa ce, abin da aka zuba a ciki shi ake ɗiba, kuma ba talabijin kaɗai ke sha daga cikinta ba.

Juya bayan talabijin ɗin da kake son saye, ko ka duba takardarsa, za ka ga wat nawa yake ci. Na LED mai inci 24 zuwa 32 yawanci yana tsakanin wat 25 da 50. Mu ɗauka naka wat 40 ne. Raba 40 da 12, ka sami amp 3.3. Abin da zai riƙa ja daga batir ke nan in kai-tsaye aka haɗa shi. Kallon awa huɗu ya tashi amp-awa 13 da ɗoriya. Amp-awa ɗin nan shi ne Ah da kake gani a jikin batir.

To, batirin da aka rubuta wa 100Ah, in na dalma ne, wato mai ruwan asid ko ɗan'uwansa AGM, kada ka ƙirga ɗarin duka. Rabi ne naka. In kana yawan zuƙe shi ya wuce rabi, rayuwarsa za ta gajarta ƙwarai. Saboda haka 50 kake da su. Na litiyam irin LiFePO4 shi yana ba da 80 zuwa sama cikin ɗari ba tare da ya ji jiki ba. Cikin 50 ɗin nan talabijin ya ɗauki 13, saura 37 ga fitilu, famfo, cajin waya, allon lantarkin firij, da na'urar jin ƙamshin gas wadda ba ta barci dare da rana. In lokacin sanyi ne, fankar hitar ɗaki sau da yawa ta fi talabijin ci, kuma ita da tsakar dare take aikinta. Wanda ya ƙarar da batir wajen kallo, da asuba zai gane kurensa.

In lissafin ya nuna batirinka ba zai kai ka safiya ba, mafita uku ce: ƙaramin talabijin, ƙarin batir, ko hanyar caji da rana. Zan zo kansu. Amma ka san matsayinka tun yanzu.

Wane irin talabijin?

Hanya uku ake bi, kuma zaɓin da ka yi a nan shi zai yanke yadda sauran aikin zai kasance.

Ta farko, talabijin da aka ƙera don volt 12 tun asali, na motoci da jiragen ruwa da tireloli. An yi shi ya jure hawa da saukar wutar batir, ba ya buƙatar komai a tsakani sai fiyus. Ni ita na fi so ga wanda ke yawan kwana inda babu wuta. Aibinsa shi ne zaɓi kaɗan ne, kuma hotonsa da manhajarsa ba kullum suke kamo na gida ba.

Ta biyu, talabijin na gida da inbata, na'urar da ke ɗaukar volt 12 ta mayar da ita wutar soket. Nan zaɓi ya yalwata, duk wanda ka ga dama ka ɗauka. Sai dai inbata tana cin nata kason. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wutar yana tafiya a zafi, don haka wat 40 ɗin nan ya koma wajen amp 3.8 a maimakon 3.3. Wannan bai taka kara ya karya ba. Abin da ke kashe batir shi ne mantuwa: inbata ko ba a jona mata komai ba tana shan wuta muddin tana kunne. Ƙarama takan ja ƙasa da rabin amp, babba mai wat 2,000 tana iya jan amp ɗaya ko fiye. Ka bar irin wannan a kunne awa goma kana barci, ta sha kusan abin da kallon daren ya sha.

Ta uku ita ce ta masu dabara. Wasu ƙananan talabijin na gida ba sa shan wutar soket kai-tsaye, suna zuwa da adafta a tsakiyar waya. Karanta jikin adaftar. In ta ce tana fitar da volt 12, 14 ko 19 na DC, to talabijin ɗin dama DC yake ci, ana iya tsallake adaftar. Amma a nan mutane ke ƙona kaya. Batirin tirela sunansa ne kawai volt 12. Cikakke yana 12.6 zuwa 12.7, in ya yi ƙasa ya sauko 12 ko ƙasa da haka, in kwanbata tana masa caji ya hau 13.6, wani lokaci har 14.4. Adaftar gida kuwa 12 cif take bayarwa, kuma haka talabijin ɗin ya saba. Saboda haka sai ka sa ƙaramar na'urar daidaita DC a tsakani, wadda duk yadda batir ya hau ko ya sauka, abin da talabijin ke so shi za ta miƙa masa. Ka tabbata amp ɗinta ya fi wanda aka rubuta a kan adaftar, kuma kan fuloginta ya dace. Waɗanda aka fi gani su ne milimita 5.5 da 2.1, da kuma 5.5 da 2.5, sun yi kama kamar tagwaye amma ba sa zama a ramin juna da kyau.

Abu ɗaya da ake mantawa: tsarin kama tashoshi ya bambanta da ƙasa. Amurka da Kanada ATSC suke amfani da shi, Turai da yawancin Afirka DVB-T ko DVB-T2. In tirelarka tsohuwa ce kuma talabijin ɗinta na kafin 2009 ne, shekarar da manyan tashoshin Amurka suka rufe tsohon tsarin analog, wataƙila lafiyarsa lau, duniya ce ta wuce ta bar shi.

Auna wurin

Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, ba faɗi ba ne. Mai inci 32 gilashinsa kaɗai ya kai faɗin santimita 71 da tsayin 40. Mai inci 24 kuwa 53 da 30. Ƙara bakin firam a kai. Auna faɗin gurbin, tsayinsa da zurfinsa, ka bar ɗan sarari a sama da gefe don iska. Duba kuma inda ramukan HDMI da na eriya suke a sabon: in baya suke kallo, fulogi zai tokari bango, sai ka nemi masu lanƙwasasshen kai. In tirelarka tana da ɓangaren ɗaki mai zamewa ciki da waje, shigo da shi ciki tukuna ka auna, domin a haka za ku yi tafiya. Buɗe kowace ƙofar kabad da ke kusa ka ga ko za ta bugi gilashi.

Kashe wuta, cire tsohon

Zare babbar waya daga sandar wuta. Kashe janareta da inbata in akwai. In kana da farantin sola, raba shi da na'urar cajinsa kafin ka taɓa batir. Sannan ka kwance kan batir na negatif, shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Hikimar ita ce negatif yana haɗe da ƙarfen tirelar. In ka fara da fozitif, sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ne zai tashi. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka.

Ɗauki hoton bayan tsohon talabijin da wayarka kafin ka zare komai, ka manna wa kowace waya ɗan tef ka rubuta sunanta. In tsohon mai ƙaton baya ne, nemi mai taya ka, domin mai inci 20 ma yana kusan kilo 20, nauyin duk a gaba yake, kuma galibi an ɗaure shi da ƙarafa ta ƙasa ko ta bayan wani katakon ado da sai an kwance. Kada ka buɗe cikinsa. Kwalbarsa tana iya riƙe wuta mai ƙarfi bayan an kashe shi, gilashin kuma yana da dalma. Kai shi wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki.

Bango da maratayi: nan aikin yake

Talabijin a gida yana rataye ne a bangon da ba ya motsi. Na tirela kuwa duk ramin da taya ta faɗa sai ya ji a jikinsa, na tsawon awoyi. Kuma bangon tirela ba bango ba ne yadda ka san bango: fallen katako ne na milimita uku zuwa biyar, bayansa soso ko fanko, da 'yan sanduna na katako ko alminiyam jefi-jefi.

Karo na farko da na yi wannan aiki, na ɗaure maratayin a fallen nan da sukurori huɗu, na jijjiga shi da hannu na ji daram, na yi murna. Bayan tafiyar yini guda a hanya mai gargada, na buɗe ƙofa na tarar da talabijin ya sunkuyo, sukurori biyu na sama sun tsige da garin katako a jikinsu, wayar eriya ce kawai ta hana shi kifuwa. Ramukan nan huɗu suna nan har yau a bayan katakon da na rufe su da shi.

Ga yadda ya kamata a yi. Kamfanoni da dama suna sa ƙarin katako ko fallen ƙarfe a cikin bango daidai inda suka tanada don talabijin, wasu har da 'yar takarda manne a wurin. In takardar ta ɓace, ƙwanƙwasa bangon da ƙuƙumin yatsa: fanko yana amsawa kamar ganga, wurin da ke da ƙarfi sautinsa a dunƙule yake. Mayen ƙarfe zai nuna maka fallen ƙarfe, amma ba ya kama alminiyam. In ka zaci ka samu, huda ɗan siririn rami a inda maratayi zai rufe ka tabbatar.

In babu komai a bayan, kawo naka. Yanki filawud mai kaurin milimita 18, mai faɗin da zai haye sanduna biyu, ka ɗaure shi a jikin sandunan, sannan ka ɗaure maratayi a jikinsa. In kuwa a gefen kabad ne inda hannunka ke isa baya, wannan ya fi kowanne: sa katako ta ciki, ka huda har ya ɓulla, ka zura ƙarfe mai zare da faffaɗan washa da noti mai roba a ciki, irin wanda girgiza ba ta kwance shi. Tsohon gurbin mai ƙaton baya ma haka ake yi masa, a gitta katako mai ƙarfi a bakinsa, sararin da ya rage a baya ya zama ma'ajiya.

Dogayen sukurorin da ke zuwa cikin kwalin maratayi na bangon gida ne. Ajiye su gefe. Bangon waje na tirela bai da kauri, dogon sukuru zai ɓulla ta waje ya buɗe wa ruwan sama hanya, garin gyaran gira a rasa ido. Auna kaurin bangon a bakin ƙofa ko taga, ka zaɓi sukurun da ba zai kai ba, ka naɗa tef a bakin abin huda daidai zurfin da kake so. Ka kuma lura da layin da soket da makunni suke, sama da ƙasa, domin wayoyi ta nan suke bi.

Shi maratayin, nemi mai makulli, wanda hannunsa ke naɗewa ya kulle lokacin tafiya. Mai hannu marar makulli zai yi ta lilo yana dukan kabad, kuma tsawon hannun yana ninka ƙarfin da ke fizgar sukurori. Ramuka huɗun da ke bayan talabijin suna bin ma'aunin VESA: 75 da 75, 100 da 100, 200 da 100, 200 da 200, duk a milimita. Ƙananan suna ɗaukar sukuru M4, 200 da 200 kuwa M6. Kula da tsawonsa, in ya zarce zai iya taɓa allon lantarkin da ke ciki. Murɗa shi da yatsu tukuna. In ya tsaya alhali bai matse ƙarfen ba, ya yi tsawo, ƙara washa ko ka canza. Kuma kafin ka sa alamar ramuka, daidaita tirelar kanta ta tsaya cak, in ba haka ba ma'aunin ruwa zai yaudare ka. Ni na fi yarda in auna daga silin ko bakin kabad, tunda da su ido zai gwada.

Jawo volt 12

Wannan ga wanda ya bi hanya ta farko ko ta uku ne. Duba kusa da inda wayar eriya ke fitowa, a tireloli da yawa akwai soket mai zagaye irin na mota a jikin farantin bangon da wayar ke fitowa. An rubuta iyakar amp ɗinsa a kai, galibi wajen 8. Ya ishi talabijin mai cin amp uku ko huɗu. Sai dai fulogin irin wannan soket yana son sassautowa, hoto ya riƙa ɗaukewa. In zama na dindindin kake so, jawo sabon layi daga akwatin fiyus.

Buɗe akwatin, yawanci yana tare da kwanbata. Gefe ɗaya bireka ne na AC, kada ka kusance su. Ɗaya gefen fiyus ne masu launi na volt 12, kuma sau da yawa akwai gurbi ɗaya ko biyu da ba a yi amfani da su ba. Nan fozitif ɗinka zai shiga, negatif kuma ya tafi sandar da sauran negatif suka taru.

Kada ka yarda da launin waya. A mota ja ne fozitif, baƙi negatif. A tireloli da yawa na Amurka kuwa baƙi ne fozitif, fari negatif, wani lokaci ka tarar da tsarin biyu a tirela ɗaya saboda wani ya taɓa gyara. Mitar gwaji ce alƙali: sa ta a DC, ɗora jan tsinke a wayar da kake zato, baƙin a ɗayar. In lamba ta fito da alamar ragi a gabanta, ka juya su. Talabijin da aka ba wuta a juye yana iya mutuwa nan take. Haka kan fulogi mai zagaye, yawanci tsakiyarsa ce fozitif, amma duba ɗan zanen da ke jikin adafta ko bayan talabijin.

Kaurin waya a volt 12 ba abin wasa ba ne, domin wutar ba ta da rarar da za ta zubar a hanya. Misali, talabijin yana nesa da akwatin fiyus da mita biyar; zuwa da dawowa mita goma ke nan. Wayar tagulla mai milimita murabba'i ɗaya, a amp huɗu, za ta zubar da volt 0.7. Batir yana 12.2, talabijin yana ganin 11.5, sai ya riƙa mutuwa alhali batir da sauransa. Mai 2.5 kuwa 0.28 kawai za ta zubar, ƙasa da kashi uku cikin ɗari, abin da ake nema ke nan. A ma'aunin Amurka, AWG 14 ya ɗan haura milimita murabba'i 2, AWG 12 kuma 3.3, lamba tana raguwa, waya tana ƙara kauri. Sayi mai silli-silli a ciki, ba mai ƙarfe ɗaya irin ta bangon gida ba, wadda girgiza ke karyawa. Haɗin kuma a matse shi da kan waya da filayar matsewa, a ja shi da ƙarfi a gani. Murɗawa da naɗa salatif ba ya kai ko'ina a hanya.

Bi da wayar ta cikin kabad da ƙarƙashin kujeru, ka ɗaure ta duk bayan taku ɗaya ko biyu, ka sa zoben roba duk inda ta ratsa ƙarfe, ka nisanta ta da bututun hita. Fiyus na amp 5 ko 7.5 ya isa. Launinsu ƙa'ida ne: 5 ruwan ƙasa mai haske, 7.5 ruwan ƙasa, 10 ja, 15 shuɗi, 20 rawaya. Aikin fiyus shi ne ya tsinke kafin waya ta yi zafi, don haka in ya ƙone, nemo dalili, kada ka sa wanda ya fi shi. Ƙara ɗan makunni kusa da talabijin, domin ko an kashe shi da rimot yana ɗan tsotsar wuta.

In inbata ka zaɓa

Ɗauki ƙarama. Wat 150 zuwa 300 ya ishi talabijin da dikoda da ƙaramar sifika. Nemi mai santsin wuta irin ta gida, wadda ake kira fiyo sain; mai arahar da wutarta ke hawa tsani-tsani tana iya sa layi a hoto ko ƙugi a sauti, araha ba ta ado.

Ajiye ta kusa da batir, ka tsawaita ta ɓangaren AC. Dalili: wat 40 a volt 120 sulusin amp ne kawai, siririyar waya ta ɗauke shi ko'ina, amma inbata mai wat 300 in ta cika aiki tana jan kusan amp 28 daga batir. Wannan yana son gajeriyar waya mai kaurin milimita murabba'i 8 zuwa 10 da fiyus na wajen amp 40, ko abin da takardarta ta ce. Fiyus ɗin a kan fozitif, dab da batir. Ƙa'idar maƙeran jiragen ruwa a Amurka inci bakwai ce, wajen santimita 18, kuma ta dace a ara. Kusa da batir ba yana nufin cikin akwatinsa ba: batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi kaɗan ya ishe ta. Haka kada a ajiye ta kusa da tukunyar gas. Ta sami wuri busasshe mai iska.

Akwai dabarar da wasu ke yi, su ɗauki babbar wayar tirela su cusa a inbata don duk soket su kawo wuta. In za ka yi haka, dole ka kashe birekar kwanbata, in ba haka ba batir zai ba inbata, inbata ta ba kwanbata, kwanbata ta koma cajin batir da wutarsa, ana asara a kowane zagaye har ya ƙare. Firij da tukunyar ruwan zafi ma za su ɗauka wutar gari ce ta zo su hau kai. Mayar da su gas. Ni dai shawarata, ja waya ɗaya daga inbata zuwa talabijin kawai. Haɗa inbata da wayoyin AC na cikin bango aikin mai gyaran wuta ne, da makunnin sauya layi.

Eriya da gwaji

Mayar da negatif na batir. Kafin ka cusa fulogi a talabijin, auna bakinsa da mita ka ga lamba da alama sun yi daidai. Ɗaura wayar eriya da yatsu, ban da filaya. A farantin bango akwai ɗan maɓalli da ƙaramar fitila, na ƙara ƙarfin eriya ne: kunna shi in da eriyar rufi za ka kama, kashe shi in kebul na sansani ka jona, domin a kunne yana tare siginar kebul. Shi ma yana shan batir, kashe shi in an gama kallo. Shiga saitin talabijin ka zaɓi eriya ko kebul, ka sa ya nemo tashoshi. Duk sabon wurin da ka sauka sai ka maimaita neman.

Yanzu gwajin gaskiya. Bar babbar waya a zare, kunna talabijin, sannan ka buɗe famfo ka kunna hita. In hoto ya ɗauke lokacin da famfo ya tashi, ko dai waya ta yi siriri, ko wani haɗi ya yi sako-sako, ko batir ya gaji. Bayan rabin awa shafa wayar da haɗe-haɗen. Ɗumi kaɗan a na'urar daidaitawa ba komai, waya mai zafi kuwa matsala ce. Shiga saitin hoto ka rage hasken bayan gilashi, shi ne babban mai cin wuta a talabijin na LED, da dare ba ka buƙatar rabinsa.

Cika randar

Don sanin abin da ya rage a batirin dalma, auna shi bayan ya huta wasu awoyi ba caji ba aiki: 12.6 zuwa sama cike yake, wajen 12.1 zuwa 12.2 ya kai rabi, lokacin caji ya yi. Na litiyam ba ya faɗin gaskiya ta wannan hanya, yana zama wajen 13.2 har ya kusa ƙarewa. Shi sai mita mai ƙirga amp ɗin da ya shiga da wanda ya fita.

In za ka ƙara batir, biyu masu volt 12 ana haɗa fozitif da fozitif, negatif da negatif, volt yana nan, amp-awa ya ninka. Biyu masu volt 6, irin na motocin filin golf masu wajen 200 zuwa 225Ah, ana haɗa fozitif na ɗaya da negatif na ɗayan, su ba da volt 12, amp-awa bai ƙaru ba. Kada ka gama sabo da tsoho, ko dalma da litiyam. Mai komawa litiyam ya duba ko kwanbatarsa ta san cajinsa, kuma ya tuna ba a yi masa caji in sanyi ya kai digiri sifili na Salsiyas.

Farantin sola mai wat 100 yana ba da amp biyar zuwa shida in rana ta take, a yini mai kyau ya tara 25 zuwa 30 na amp-awa, wato ya biya kallon dare har da canji. A inuwar bishiya ko ranar hadari kada ka sa rai. Wajen haɗa na'urar cajinsa, batir ake fara jonawa, farantin ya biyo baya. Cajin da motar ja ke turowa ta fulogi mai baki bakwai ɗan kaɗan ne, wayar doguwa ce siririya, ba zai cika batirin da ya yi ƙasa a tafiyar awa biyu ba.

Kafin a ɗaga

Naɗe hannun maratayi ka ji ƙarar kullewarsa, in ka ga dama ka ƙara ɗamara mai laushi ta gitta gilashin. Sauke eriya in mai ɗagawa ce. Kashe makunnin talabijin da inbata, amma kada ka ja tirela da batir a cire ko a mace: birkin gaggawa da ke kamawa in tirela ta ɓalle daga mota daga batirin nan yake samun wuta. In tirelar ta kwana cikin tsananin sanyi, bar ɗakin ya yi ɗumi na awa ɗaya ko biyu kafin ka kunna talabijin, saboda raɓar da ke taruwa a ciki. A zangon farko bayan aikin, ɗauko sifana ka bi notocin maratayi ɗaya bayan ɗaya, ka kuma duba ƙasan wurin: in ka ga garin katako, wani sukuru ya fara cin raminsa.